WASIƘAR AKAWU: GIDAN DA YA CI ABINCI DA DUTSE SHEKARA 83

Zuwa ga Edita,

 A makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan sha'anin awo da sikeli, amma wata takarda ta iso mini wadda ta sa tilas in jingine wancan tukuna. Mai takardar ya roƙe ni kada in ambaci sunansa ko garinsa, na kuwa yarda.

Ga abin da ya ce. Tsohonsu ya rasu bara, ya bar musu wurin fasa dutse, da injin niƙa tsakuwa guda, da tifa biyu, da bashin man inji wanda ba a gama biya ba. Su tara ne magada, maza da mata, ɗakuna uku. Leburori wajen arba'in ke cin abinci a wurin. Yanzu waɗansu sun ce a sayar da kome a ba kowa nasa, waɗansu sun ce a bar aiki ya ci gaba, har maganar ta kai wa da ƙane ba su gaisawa. Ya tambaye ni, tun da ni akawun masu dutse ne, ina dabara?

Ɗan'uwa, takardarka ta tuna mini da abin da ba na son tunawa. Wurin da na fara aiki bayan na bar makaranta, irin wannan ce ta same shi. Maigida ya kwanta dama ran Talata, kafin sadakar arba'in wannan ya ja janareta ya kai gidansa, wancan ya riƙe mabuɗin tifa, na uku ya kulle sito. Inji kuwa ba ya rabuwa, sai ya zauna cikin ruwa da rana damina biyu, daga baya aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe. Ni kaina albashina na wata uku ya bi ruwa, leburori kuwa ko sallama ba a yi musu ba. Har yau in na bi ta hanyar nan na kan ga ramin cike da koren ruwa, yara suna wanka ciki. Saboda haka ba zan ba ka amsa da ka ba. Zan ba ka labarin wani gida na ƙasar Ingila, masu sana'a irin taku, waɗanda mutuwa ta shiga musu sau biyu aikin bai tsaya ba, ka auna da kanka.

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani lardi, Somerset, inda waɗansu tuddai su ke, ana ce da su Mendip. Cikinsu galibi dutsen farar ƙasa ne mai ƙarfi, ya yi kyau ƙwarai ga aikin hanya da kankare. Ƙasar da ke kewaye da Landan kuwa, inda mutane suka fi yawa, gini ya fi yawa, ba ta da dutse mai tauri, sai alli da yumɓu da rairayi. Watau dutse yana wuri guda, masu bukatarsa suna wani wuri, tsakaninsu tafiyar mil ɗari da wani abu. A riƙe wannan, gama shi ne gindin labarin duka.

Cikin shekarar 1923 wani mutum, Foster Yeoman, ya zo ya kafa aikin fasa dutse a wani ƙauye, Dulcote, kusa da garin Wells. Shi ba ɗan ƙasar ba ne, mutumin Hartlepool ne, can arewa a bakin teku, dā kuma sha'anin jiragen ruwa da na ƙarfe ya ke yi. Ina tsammani wannan ne ya buɗe masa ido. Wanda ya saba da jirgi ya san kaya ba su da daraja sai sun isa inda a ke son su. Ya ga hanyar jirgin ƙasa ta bi ta gefen dutsen, sai ya sayi taragu nasa na kansa, sama da ɗari, aka rubuta sunansa jikinsu, suna kai tsakuwa ga 'yan kwangila da hukumomin garuruwa masu gyaran hanya a kudancin ƙasar. Lokacin nan mota tana yaɗuwa, ko'ina ana zuba kwalta, kasuwa ta karɓe shi. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, daga 1939 zuwa 1945, aka bukaci dutse mai yawa domin filayen jiragen sama, nan ma ya sami aiki.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bayan yaƙi injuna sun tsufa, ciniki ya ja baya. A 1948 Gwamnatin Ingila ta karɓe reluwe ta mai da shi nata, har da galibin taragun da 'yan kasuwa suka mallaka. A 1949 kuma Foster Yeoman ya mutu, ya bar kamfani yana tangaɗi. Ɗansa John shekararsa 21 kaɗai sa'ad da nauyin ya faɗo kansa.

To, ɗan'uwa, nan ne labarinsu ya yi kama da naku. Yaro ne, ga wuri ya lalace, ba wanda zai zarge shi in ya sayar ya kama wata hanya. Bai sayar ba. Bai kuma ce shi ɗan maigida ne, ya san kome ba. Abin da ya fara yi, ya nemo gwanin inji, wani mai suna Ron Torr, ya danƙa masa gyaran ma'aikatar, ya saurari maganarsa. Cikin 'yan shekaru kaɗan asara ta tsaya, riba ta komo. Ku dubi wannan da kyau. Gadon dutse daban, gadon sanin dutse daban. Na farko a kan same shi ran da uba ya mutu, na biyu sai an durƙusa an koya, ko kuwa a ɗauko wanda ya sani a riƙe shi da mutunci.

Da ya zauna da gindinsa, sai John ya duba gaba, ya ga Dulcote ba za ta ɗauke su har abada ba, wurin ya ƙuntata. A 1958 ya sayi wani wurin fasa dutse, Merehead, a gabashin tuddan nan, kusa da Shepton Mallet, wanda masu shi ba su ci ko kaɗan daga cikin arzikinsa ba. Sa'a kuwa ta bi shi, gama a wannan shekara aka buɗe guntun farko na manyan hanyoyin mota na Ingila, a 1959 kuma aka buɗe babbar hanyar da su ke kira M1. Daga nan har shekaru da yawa ƙasar ba ta ƙoshi da tsakuwa ba. Aka kafa manyan injuna a Merehead, da aka gama kuwa sai ya sa wa ma'aikatar suna Torr Works, watau sunan injiniyansa, ba nasa ba, ba na ubansa ba. Ni dai ban taɓa jin maigidan da ya yi wa ma'aikacinsa irin wannan karamci a wurarenmu ba. In akwai, a rubuto a gaya mini, in yi masa godiya a wannan shafi.

Bari in tsaya kaɗan in bayyana wa waɗanda ba su san sana'ar ba yadda ta ke. A kan huda dutse da inji, a ɗura nakiya, a tashe ta, dutse ya zube manya manya. A kwashe a zuba cikin injin farko mai muƙamuƙi, ya farfasa, na biyu ya ƙara niƙawa, sa'an nan a bi da shi ta kan rariya iri iri, kowace da girman idonta, mai kauri ya fita daban, matsakaici daban, ƙanana daban, gari daban. Duk wannan wahala ce, amma ba ita ce ke kashe mai dutse ba. Abin da ke kashe shi dako. Tsakuwa kaya ce mai nauyi marar tsada. Ni da ke rubuta rasit a bakin sikeli kullum ina gani, in wurin gini ya yi nisa, kuɗin mota ya kan kama kuɗin dutsen, har ya wuce shi. Saboda haka mai dutse na gaskiya rabinsa mafashin dutse ne, rabinsa ɗan dako. Wanda ya mallaki dutse bai mallaki hanyar fitar da shi ba, bara ne ga mai mota.

Gidan Yeoman sun gane wannan tun daga kakansu. A 1970 aka haɗa Merehead da hanyar jirgin ƙasa, suka koma ɗora dutse a jirgi kamar yadda tsohon ya fara, suka kuma buɗe wuraren saukewa kusa da Landan da waɗansu garuruwa, inda motoci ke ɗiba su ƙarasa ɗan abin da ya rage. Sai wata matsala ta taso. Kawunan jirgin da hukumar reluwe ke ba su ba su da tabbas, yau lafiya gobe a gareji, sau da yawa sai an haɗa biyu kafin su ja kaya, mai kwangila kuwa yana can yana jira da leburorinsa. John ya ce shi zai sayi nasa. Abin ya zama abin mamaki, gama a zamanin nan duk kan jirgin da ke jan kaya a babbar hanya na hukuma ne. Ya sa sharaɗi, yana son wanda cikin kwana ɗari zai yi aiki kwana 95, ya kuma ja kayan shi kaɗai. Maƙeran Ingila ba su iya ɗaukar wannan alkawari ba. Sai ya juya wajen kamfanin General Motors na Amurka, waɗanda tun 1980 ya sayi wani ƙaramin kan jirgi a wurinsu domin aikin cikin ma'aikata, ya ga ƙarkonsa. Aka ƙera masa guda huɗu, suka sauka Ingila a watan Janairu 1986, aka sa musu lamba 59. Daga baya aka ƙaro na biyar.

Ran 26 ga Mayu 1991 aka gwada ƙarfin ɗayansu, ya ja kaya tan 11,982, tsawon jirgin ya fi mil guda. Na ɗauki alƙalami na yi lissafi irin namu na akawu: in tifa tana ɗaukar tan 20, sai an tara tifa wajen 600 kafin su kwashe wannan kaya. Da sauran masu jigila suka ga haka, kowa ya bi sawu, har irin kan jirgin da aka ƙera daga baya bisa tsarin wannan, mai lamba 66, ya cika hanyoyin Ingila. Ka ga mai fasa dutse ya koya wa masu reluwe sana'arsu.

Bai tsaya nan ba. Mutanen Ingila sun fara ƙorafi a kan ramummuka da ƙura da ƙarar nakiya kusa da gidajensu, har a 1976 wani kwamitin Gwamnati ya kawo shawara a nemi manyan wuraren fasa dutse a bakin teku, nesa da mutane, a riƙa ɗauko shi da jirgin ruwa. John ya yi ta nema har ya sami wani wuri a yammacin Sikotilan, Glensanda, a bakin wani hannun teku mai zurfi. A 1982 ya sayi wurin, a 1986 jirgin farko ya tashi da kaya. Dutsen wurin mai tauri ne ƙwarai, irin na Kufena ta Zariya, wanda Turawa ke kira giranit. Babu hanyar mota da ta kai wurin, ma'aikata a jirgin ruwa su ke zuwa.

Dabarar da aka yi a nan ta isa a faɗa. Ba a fasa dutsen daga gefen da ke duban ruwa ba, sai aka hau can ƙwanƙoli, sama da mita 500, aka riƙa cinsa daga ciki kamar yadda a ke rarake ƙwarya. Aka haƙa rijiya a tsakiya, zurfinta wajen mita 300. In an niƙa dutse a sama sai a zuba cikin rijiyar, nauyinsa ya kai shi ƙasa ba da ko kwabo na mai ba, can gindi kuma bel mai tafiya ya ɗauke shi ta cikin rami, tafiyar wajen mil guda, har bakin ruwa. Jiragen da ke ɗiba akwai masu cin sama da tan 90,000, su kan kuma sauke kayansu da kansu. Da aka tashi haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, wadda aka buɗe a 1994, da dutsen Glensanda aka zuba kankaren da aka daɓe bangon ramin ta wajen Ingila. Jikan sana'ar ya komo ga jirgin ruwa, inda kakan ya faro.

Amma John bai ga ƙarshen wannan ba. A 1987, shekara guda bayan kawunan jirginsa sun fara aiki, jirgin ruwa na farko kuma ya tashi da kaya, ya mutu, bai wuce shekara sittin ba. Ga sabon wuri an zuba masa dukiya mai yawa bai fara mayarwa ba tukuna. Wannan ita ce mutuwa ta biyu, ta kuwa fi ta farko haɗari. Sai matarsa, Angela Yeoman, ta hau kujerar shugabancin kamfani, ta riƙe ma'aikatan da mijinta ya bari, aiki ya ci gaba a hannunta shekara goma sha tara. Ina roƙon magadan da suka rubuto mini su karanta wannan wuri sau biyu, gama na lura cikin takardar an lissafa ra'ayin maza duka, ba a faɗi abin da mata suka ce ba, alhali kuwa da haƙƙinsu a ciki.

Kada in ɓoye muku ƙarshen labari, don kada a ce na zaɓi mai daɗi na bar sauran. A 2006 gidan suka sayar da kamfanin ga Aggregate Industries, wanda shi kuma a lokacin yana ƙarƙashin Holcim, babban kamfanin siminti na ƙasar Suwizalan. Daga 1923 zuwa 2006 shekara 83 ke nan. Wani zai ce, to, ai ga shi su ma sun sayar, ina bambanci? Bambanci kuwa babba ne. Sun sayar da abu mai rai, yana aiki, da jiragensa da masu sayensa da ma'aikatansa, aka biya su kuɗin saniya mai ba da nono. Mu a wurin da na fara aiki fata da ƙashi muka sayar. Torr da Glensanda ba su daina fitar da dutse ba don an sake mai su. Tsohon ramin Dulcote ma ba a bar shi kufai ba, an gina ma'aikatar dafa abinci a cikinsa.

Yanzu, ɗan'uwa, ga abin da na gani, in ka ga da amfani ka ɗauka.

Na farko, masu cewa a ba su nasu ba su yi laifi ba. Haƙƙinsu ne, kada a mai da su abokan gaba. Sau da yawa wanda ke gaggawar a raba ba kwaɗayi ke damunsa ba, tsoro ne, yana ganin in an bar abu hannun babban wa, shi da ɗakinsu sun sha ke nan. Maganin wannan tsoro littafi. A kira wanda duka suka yarda da shi, a ƙidaya kome, inji da mota da tsakuwar da ke ƙasa da bashin da a ke bin ku da wanda ku ke bi, a yi musu kuɗi, a biya bashin mamaci, sa'an nan masu ilmin rabon gado su faɗi rabon kowa. Sai a rubuta rabon nan ya zama hannun jari, a yi wa kamfani rajista. Ta haka an raba dukiya, ba a raba inji ba. Wanda ya matsu ƙwarai, sauran su saye rabonsa, a biya shi kaɗan kaɗan bisa yarjejeniya a rubuce, da shaidu.

Na biyu, ku binciki takardar izininku tun da wuri. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, izinin fasa dutse kuwa na shekara biyar ne, sai a sabunta. In kuna can kuna gardama wa'adi ya cika, za ku farka ku tarar abin da ku ke faɗa a kansa ya fita hannunku duka.

Na uku, wanda zai riƙe aiki a yanka masa albashi sananne, kada ya riƙa sa hannu cikin akwati. Kowane wata a karanta lissafi gaban kowa, mata da maza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ba kuwa abin da ke tsaga bangon gida kamar kuɗin da ba a rubuta ba.

Na huɗu, ku riƙe tifofin nan biyu da kyau, kada ku fara da sayar da su don biyan bashi. Kun ji abin da dako ya yi wa gidan Yeoman. Ku kuma duba cikin ma'aikatanku, lalle akwai wani tsoho wanda ya san kukan injin nan kamar kukan ɗansa, wanda in ya ji sautin ya sake ya san abin da ke shirin karyewa. Shi ne Ron Torr ɗinku. Kada ku bari ya tafi.

Na biyar, ku ji tausayin masu shaƙar ƙura. Ƙurar dutse mai tauri tana shiga huhu ta zauna, ta sa ciwon da ba ya warkewa, sai mutum ya yi shekaru yana tari yana ramewa. A riƙa yayyafa ruwa a bakin inji, a saya musu abin rufe hanci na kirki, a kuma sanar da maƙwabta kafin a ta da nakiya. Arzikin da aka tara da huhun talaka ba ya albarka.

Ban ce in kun bi wannan za ku sayi jirgin ƙasa ba. Kowa da rabonsa, ƙasarsu daban, tamu daban. Amma dutsen da tsohonku ya bari ba ya ruɓa, ba ya gudu, gara ba ta cinsa, zai jira ku ko shekara nawa. Leburori arba'in da iyalinsu su ne ba za su iya jira ba. Ka kai wa wanka wannan jarida da hannunka, ka gaishe shi tukuna kafin ka miƙa masa, ko da shi ne ya fara ɗauke gaisuwa. In kun zauna, ka rubuto ka gaya mini yadda kuka ƙare.

Maganar sikeli kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya da 'yan'uwanmu, amin.

Ni ne naku,
Akawun Bakin Sikeli.